Hutun haihuwa na biyu: ni kaɗai ce babbar ta fi ba ni aiki a kan jaririn?

Maman_Iman

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarfe uku da rabi na dare nake wannan rubutu, da hannu ɗaya, ɗayan yana tallafe da kan wanda ya rantse ba za a ajiye shi ba. Yau satinsa bakwai. Yayarsa tana da shekara biyu da wata takwas.

Lokacin da na karɓi takardar hutu a wajen aiki, har lissafi na yi a raina. Na ce ai na san hanya, na yi na farko, wannan karon zan yi barci, zan karanta littattafan da na tara, zan gyara ɗakin yara. Yau sati bakwai ban wuce shafi na goma sha biyu ba.

Abin da ya ɗaure min kai, jaririn ba shi ne matsalar ba. Shi dai ya sha, ya yi gyatsa, ya yi kukan yamma, ya yi barci. Iman ce ta juye gaba ɗaya. Yarinyar da ta daina fitsari a wando tun wata uku baya ta dawo yi. Da na zauna zan shayar sai ta hau bayana, ko ta ce ruwa, ko ta ce kashi. Jiya ta dube ni ido cikin ido ta ce "Mama, ki mayar da shi." Na yi mata tsawa, ta yi kuka, ni ma na shiga banɗaki na yi nawa.

Tambayata biyu ce. Na farko, haka kowa ta gani ko ni ce na gaza? Na biyu, tun da na haihu na cire ta daga makarantar raino, don na ga ba dalilin ina gida kuma ana kai ta wani waje. Yanzu ina tunanin mayar da ita, amma zuciyata tana ce min kamar korar ta zan yi saboda an samu sabo. Saura min sati bakwai in koma aiki. Ku ba ni shawara don Allah.

UmmuHaidar

Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ba ke kaɗai ba ce wallahi. Nawa babban cewa ya yi a saka ƙaninsa a kwandon shara. Yanzu ba sa iya cin abinci sai tare.

Zee_Baby

"Ki mayar da shi" 😂😂 Yi haƙuri Maman Iman, ba ke nake wa dariya ba. Ina za a mayar da shi, akwai rasit ne?

Anti_Ungozoma

'Yata, sannu da jego. Bari in ɗauki ta farkon, tunda ita ce a fannina.

Abin da Iman take yi sananne ne, kuma ba alamar kin ɓata tarbiyya ba ce. Yaro idan duniyarsa ta girgiza, yakan koma baya zuwa inda ya san ana lallashinsa. Ta ga wanda yake jiƙa kunzugu shi ake ɗauka da gudu, wanda yake kuka shi ake rungumewa, to me zai hana ta gwada? Wasu su koma tsotsar yatsa, wasu su koma maganar jarirai, wasu su ce su ma nono za su sha. Yawanci yana wucewa da kansa idan ba a mayar da shi abin faɗa ba. Idan ta jiƙa wando ki canza mata ba tare da wa'azi ba. Ranar da ta je fo da kanta ki yaba mata kamar ta ci jarabawa. Sai dai idan kin ga tana kuka lokacin fitsari, ko zazzaɓi, ko tana yawan shan ruwa fiye da ƙima, wannan kuma a kai ta a duba, kada a ɗora komai a kan kishi.

Sannan ki duba lissafin da kike ciki. Jariri sabon haihuwa yana shan nono sau 8 zuwa 12 a awa 24. Ki ce kowane zama minti ashirin ne ko talatin, ki haɗa da gyatsa da canza kunzugu. Awa nawa ke nan a rana da cinyarki take a cike? Ita kuma wannan cinyar tata ce ita kaɗai shekara biyu da rabi. A haihuwar fari duk wannan lokacin babu wanda yake tsaye yana jiran ki. Bambancin ke nan.

Kukan yamman da kika ambata ma, kina kan ganiyarsa yanzu. Kukan jarirai yakan kai ƙololuwa wajen sati shida, ya fara sauka zuwa wata uku ko huɗu.

Maman_Iman

Na gode Anti. Wallahi da na karanta "cinyar tata ce ita kaɗai" sai da hawaye ya zubo min. Ban taɓa kallon abin ta wajenta ba.

Hajjo22

Ni dai ra'ayina kada ki mayar da ita yanzu. Yara suna da wayo fiye da yadda muke zato. An kawo sabo, sai kuma a wayi gari ana saka mata takalmi ana fita da ita, shi yana kwance a jikinki? Za ta haɗa biyu da biyu. Sati bakwai ne kawai ya rage, ki daure. Idan kin koma aiki ai dole za ta koma, a lokacin ta ga ke ma fita kike yi. Wannan hutun ba na jariri ba ne shi kaɗai, rabonta ne ita ma.

Fatee_Akanta

@Hajjo22 ban yarda ba, kuma da gogewa nake magana. Kuskuren da aka yi tun farko shi ne cire ta. Yarinya tana da ƙawayenta, tana da malamarta, ta san bayan wasa sai cin abinci, bayan cin abinci sai barci. Rana ɗaya aka ƙwace mata wannan duka, aka zaunar da ita a gida da uwar da ba ta yi barci ba da jaririn da ba ya wasa. Abu biyu ta rasa a lokaci guda, ba ɗaya ba.

Ni da na haifi na biyu ban cire babban ba ko na kwana ɗaya. Safiya tawa ce da jaririya, in yi barci idan ta yi. Idan ya dawo da rana ina da sauran haƙurin da zan ba shi. Uwar da take gida awa 24 tana tsawa da wadda ake gani rabin yini tana dariya, wacce yaro zai zaɓa?

Kuma ki tuna, idan kika bari sai ranar da za ki koma aiki, komai zai faɗo mata rana ɗaya: ke kin fita, ita an kai ta makaranta, jariri an kai shi wajen mai raino. Gara a rarraba.

Hajjo22

Fatee, ba kowa ce take da halin biyan kuɗin raino alhali albashinta ya ragu ba. Kina magana kamar kyauta ake yi.

Fatee_Akanta

Wannan gaskiya ne, kuma da ta ce kuɗi ne matsalar da ban ce komai ba. Amma ba ta ce kuɗi ba, cewa ta yi zuciyarta tana zarginta. Shi na amsa.

Abban_Khalil

Ku yi haƙuri in sa baki, na san zauren na iyaye mata ne galibi. Tambaya ce tsakani da Allah, ba tsokana ba. Matata tana wata na biyu da haihuwar na biyunmu. Idan na dawo daga aiki sai in tarar gidan kamar an yi yaƙi, ita kuma ko wanka wani lokacin ba ta yi ba. Ban taɓa yi mata magana ba, amma a raina ina cewa to ai hutu take, ina lokacin yake tafiya?

Zee_Baby

Jama'a ku riƙe ni.

UmmuHaidar

Abban Khalil, amsarka mai sauƙi ce. Ranar Asabar ka ce ta tafi ɗaki ta rufe ƙofa, kada a kira ta sai shayarwa. Ka riƙe su biyun daga bakwai na safe zuwa bakwai na yamma. Ranar Lahadi ka dawo nan ka faɗa mana inda lokacin yake tafiya. Muna jira.

Malama_Rabi

Ku bar shi, ai gara shi ya tambaya. Laifin kalmar ne. Wanda ya fara kiran abin nan "hutu" shi ya jawo mana. Mutum ya ji hutu sai ya hango miƙe ƙafa. Alhali dalilin da ya sa aka kafa shi a doka shi ne jikin mace yana buƙatar warkewa, jariri kuma yana buƙatar uwarsa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 183, ta shekarar 2000, ta ce kada ya gaza sati 14, kuma sati shida na bayan haihuwa tilas ne. Me ya sa shida? Domin kusan tsawon lokacin da mahaifa take ɗauka ke nan ta koma yadda take, jinin biƙi ma yakan kai haka. Wanda aka yi wa tiyata aka ba shi sati shida ya warke, ba wanda zai ce masa ya ji daɗin hutu. Ita kuma mai jego an haɗa mata warkewar da aikin dare da rana.

Abban Khalil, ga inda lokacin yake tafiya. Ta kwantar da jaririn bayan minti arba'in tana jijjiga, ta ɗaga ƙafa za ta shiga wanka, Khalil ya buga ƙofa da mota, jariri ya farka. A koma farko. A haihuwar fari ana cewa ki yi barci idan jariri ya yi barci. A ta biyu idan jariri ya yi barci, lokacin ne babban yake karɓar nasa kason.

Abban_Khalil

Na ji, na kuma karɓa. Malama na gode da ba ki zage ni ba. Asabar ɗin zan gwada in sha Allah. Amma me zan riƙa yi kullum wanda zai fi rage mata nauyi? Jaririn ba ya yarda da ni.

Malama_Rabi

Kada ka yi ta fama da jaririn, ka ɗauke mata babban. Wankansa na yamma, abincinsa, kwantar da shi, tashinsa na dare, su zama naka ba sai an roƙe ka ba. Kuma kada ka tsaya a bakin ƙofa kana tambayar "me zan taimaka da shi?", domin ba ka aikin ma wani aiki ne. Ka duba da idonka ka ɗauka.

Bilkisu_Tela

Ina karanta ku ina murmushi. Sati 14, sati 16. Mu masu aikin hannu wa zai ba mu takardar hutu? Ni ɗinki nake yi. Na haifi ta biyu, kwana goma sha tara na koma kan keke, don kayan mutane suna hannuna kuma na riga na karɓi kuɗin wasu. Ranar da ban taka keke ba, ba abin da ya shigo. Jaririya a goye, babbar tana kwance min zare a ƙasa. Ba ina rage wa Maman Iman wahalarta ba ne, wahala wahala ce. Amma idan ana maganar hutun haihuwa a riƙa tunawa da cewa mata da yawa labarinsa kawai suke ji.

Malama_Rabi

Gaskiyarki Bilkisu. Dokokin nan galibi mai albashi suka sani. Kuma ko a cikin masu albashin, abin ya danganta da inda mace ta samu kanta. A Suwidin iyaye biyu suna raba kwana 480 a kan kowane yaro, har da kason da aka keɓe wa uba wanda ba zai iya bar wa uwa ba. A Ingila mace tana iya ɗaukar sati 52, ana biyan wani abu a sati 39 daga ciki. Amurka kuwa, duk arzikinta, dokar tarayya ta 1993 sati 12 ta bayar, ba albashi, kuma ba kowace ma'aikaciya ce ta cancanta ba. To kin ga ba wadata ce kaɗai take yanke hukunci ba, yadda aka ɗauki aikin raino ne.

Zee_Baby

Kwana 480?! Ni da zan samu haka ai sai sun manta fuskata a ofis.

Nana_Asma

Ni kuwa bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Na ƙosa in koma aiki a hutuna na biyu. Na ƙirga kwanaki kamar fursuna. Ranar da na koma, na zauna a kujerata, na sha ruwa har ya ƙare ba wanda ya tsoma hannu a kofin, na shiga banɗaki ni kaɗai na rufe ƙofa. Sai da na ji kunyar irin daɗin da na ji. Ina son 'ya'yana kamar raina, amma wata uku ba ka yi magana da babban mutum ba sai "sauko", "ajiye", "kada ka taɓa idonsa", ƙwaƙwalwa tana yin tsatsa.

Hajjo22

Ni kuma kuka na yi a mota har na isa. Kowa da irin zuciyarta.

Nana_Asma

Ai ni ma na yi kukan, Hajjo. Duka biyun na yi a rana ɗaya.

Maman_Biyu

Tunda an zo maganar komawa aiki, @Maman_Iman sati bakwai kamar gobe ne, ki fara shiri. Kuskurena a na biyu shi ne na ɗauka zai karɓi kwalba kamar yadda yayansa ya karɓa. Ashe kowane yaro da halinsa. Saura kwana uku in koma na fara gwadawa, ya ƙi ƙememe. Satin farko mai raino da cokali da ɗan kofi take ba shi.

Ki fara tatsa kina ajiyewa kaɗan kaɗan, kuma wani ne zai riƙa ba shi, ba ke ba, don idan yana jin ƙanshinki ba zai yarda da kwalba ba. Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki idan ba zafi sosai, kwana 4 a firij, wata 6 a firiza. Ki rubuta kwanan wata a jiki. Wanda aka narkar ba a mayar da shi firiza. Idan wutarku ba ta tsayawa kuma, kada ki dogara da lissafin firij ɗin nan.

Ki kuma tambayi wajen aikinku tun yanzu game da lokacin shayarwa ko tatsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa nono zalla wata shida, hutun kuma wata uku da 'yan kwanaki, to sauran watannin a ina za a cike su idan ba a ba ki lokaci da ɗaki ba? Ni a ɗakin ajiye takardu na riƙa yi, na jingina kujera a ƙofa.

Anti_Ungozoma

Maman Biyu ta yi daidai. In ƙara abu ɗaya da yake kama mata da yawa a wannan tsakanin. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne idan sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana ba dogon tazara, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Komawa aiki kuwa yakan kawo tazarar. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, don jikin uwa ya farfaɗo. Mai son haka ta yi magana da ma'aikaciyar lafiya kafin ta koma, ba bayan ta fara jin jiri a ofis ba.

Zee_Baby

Anti kin taɓo ni. Tsakanin na biyu da na uku wata goma sha huɗu ne. Ba zan ƙara cewa komai ba.

Sadiya_M

Ni akwai abin da ya tsaya min a rubutun Maman Iman, wato shiga banɗaki ta yi kuka. Wataƙila gajiya ce kawai, kuma kowa tana yi. Amma bari in ba da labarina ko zai amfani wata.

A na farko lafiya lau na yi. Saboda haka a na biyu ban ko kawo a raina cewa wani abu zai same ni ba. Ni ba baƙin ciki na riƙa ji ba, fushi ne. Cokali ya faɗi sai in ji kamar in fasa gidan. Idan yaran duka sun yi barci, ni sai in kasa, ido biyu ina lissafin masifun da za su iya faruwa. Na daina ɗaga waya. Ina kallon jaririyar ina yi mata komai, amma kamar 'yar wani aka ba ni riƙo. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ai ke tsohuwar hannu ce, ki gode wa Allah. Ina godiya, amma ban warke ba. Sai da ta kai wata biyar, a wajen rigakafi, wata ma'aikaciya ta dube ni ta ce "ke fa, yaya kike?" Na fashe da kuka a gaban mutane. Ita ta haɗa ni da likita.

Ba ina cewa abin da yake damun ki ke nan ba. Ina cewa ki sa ido a kan kanki kamar yadda kike sa wa yaran.

Anti_Ungozoma

Allah ya saka da alheri Sadiya, ba kowa take iya faɗa ba. Bambancin da za a riƙe shi ne wannan. Akwai 'yar damuwa da saurin kuka da take zuwa wa yawancin masu jego a kwanakin farko, saboda sauyin sinadaran jiki, tana wucewa cikin sati biyu. Idan ta wuce sati biyu, ko tana ƙaruwa, ko ta hana ki barci alhali kin samu dama, ko ba kya jin daɗin komai, wannan ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne kuma ba rashin godiya ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan kashi 13 cikin ɗari na matan da suka haihu suna fuskantar irin wannan, kuma ya fi haka a ƙasashe masu tasowa. Akwai 'yar takardar tambayoyi goma da ake amfani da ita a asibitoci don tantancewa, ba ta cin minti biyar. Wadda kuma ta ji tunanin cutar da kanta ko jaririn, ranar za ta je asibiti, ba gobe ba.

Maman_Iman

Sadiya na gode da kika buɗe cikinki. Na zauna na auna kaina da abin da ku biyun kuka faɗa. Ina jin nawa gajiya ce da zargin kai, don idan na samu barcin awa uku a jere sai in tashi kamar sabuwa. Amma zan faɗa wa ma'aikaciyar idan mun je rigakafin sati goma, ba zan ɓoye ba.

Wani abu kuma da nake jin kunyar faɗa. Iman tana da hotuna sun fi dubu a wayata kafin ta yi wata biyu. Shi wannan bawan Allah na ƙirga, goma sha ɗaya ne, uku a ciki ma ita ce a gaba. Wato ina zargin kaina a kanta, ina kuma zargin kaina a kansa. Ko ina na juya bashi ake bi na.

UmmuHaidar

Goma sha ɗaya ai ya samu gata. Ni ce ta biyu a gidanmu, hotona na jarirta guda ɗaya ne, shi ma ana gardama ko ni ce ko yayata.

Kaka_Mairo

Jikata ce take rubuta min, ni ido ya yi rauni. Na haifi bakwai, na yi aikin koyarwa shekara talatin. 'Yata, na biyu bai samu hoto ba, amma ya samu uwar da hannunta ba ya rawa. Na farko a kansa kika koyi wanka, a kansa kika firgita da kowane atishawa. Wannan kuwa ya zo ya tarar da gwana. Kowanne da irin rabonsa.

Ga dabara ɗaya da ta yi min aiki. Idan kina tare da babbar, jaririn ya ɗan motsa ba kukan gaske ba, ki ɗaga murya yadda za ta ji ki ce masa, "Ka jira, ina ba yayarka abinci." Shi bai san me kika ce ba, ba abin da ya rage shi. Ita kuwa ta ji da kunnenta cewa shi ma ana sa shi jira. Yini guda tana jin "jira, ina shayar da ƙaninki", to ta ji an juya ko sau biyu ne. Kuma ki daina cewa "saboda jariri" a kan duk abin da kika hana ta. Ki ce hannuna a cike yake, ki ce sai an jima.

Amma kada ki bar su su biyu a ɗaki ko na ɗauko ruwa ne. Ba mugunta ba, ƙauna ma tana iya sa ta tura masa abinci a baki ko ta rufe shi da bargo.

Fatee_Akanta

Kaka ta gama magana. Ni abin da na ƙara da shi kwando ne na musamman, da 'yan littattafai da kayan wasa, ba ya fitowa sai lokacin shayarwa. Da na gama sai a ɗauke. Har ya koma yana tambaya yaushe ƙanwarsa za ta ji yunwa.

Amma ina nan a kan bakana game da makaranta.

Hajjo22

Ni ma ina nan a kan nawa. Dabarun Kaka ai duk a gida ake yin su.

Abban_Khalil

Na dawo kamar yadda aka umarce ni. Ban kai bakwai na yamma ba, ƙarfe biyu na buga mata ƙofa. Khalil ya zuba man shafawa a cikin takalmina, ƙaramin ya yi amai a rigata sau biyu, ni kuma sai la'asar na tuna ban karya ba. Na janye tambayata. Wankan Khalil da kwantar da shi sun dawo hannuna tun shekaranjiya.

Zee_Baby

Ƙarfe biyu! Wallahi ka yi ƙoƙari, na ba ka sha biyu a raina.

Maman_Iman

Ku yi haƙuri na ɓace kwana biyar. Mun zauna da Baban Iman, mun tsaya a tsakiya: za ta koma makaranta kwana uku a sati, rabin yini, shi zai riƙa kai ta don kada ta ga ni ce na miƙa ta na koma ciki da jariri. Hajjo na san ba haka kika so ba, Fatee ke ma na san za ki ce a cika biyar. Ranar farko ta yi kuka a ƙofa, ya ce kafin ya juya mota ta shige wajen ƙawarta. Ni kuma na yi barcin awa biyu da rana, karo na farko tun da na haihu, na tashi ina jin laifi, na sake komawa.

Fitsarin wando bai tsaya ba, jiya sau biyu. Dabarar Kaka kuwa na gwada. Da safen nan ina daura mata takalmi ya fara ƙananan kuka, kafin in buɗe baki ta juya ta ɗaga masa yatsa ta ce, "Ka jira, Mama tana yi da ni." Ba ta sake cewa a mayar da shi ba, amma ta tambaye ni ko idan ya girma zai tafi gidansu.

Hajjo22

Allah ya sa haka ne ya fi alheri. Ki dai lura da ita ranakun da take gida, idan kin ga ta ƙara manne miki ki rage zuwa biyu.

Ummi_Sabuwa

Sannunku. Yanzu na gama karanta zaren nan tun daga sama. Cikina wata takwas, babban yana da shekara ɗaya da wata goma, kuma har yanzu a gadonmu yake kwana. In raba shi da gadon tun yanzu ko in bari sai na haihu? Anti Ungozoma, Kaka, kuna kusa?